Ba Ta Azumi Ba Ce

Ɗana Ibro ne ya jawo wannan magana. Ran nan ya shigo mini da wani mai rubutun allo, wai za a rubuta suna a saman ƙofar butik ɗinmu, wato shagonmu, da manyan baƙaƙe, kore da ja: TA AZUMI. Wai ai haka kowa ke cewa, daga Ingall har Timia, duk mai son gafaka ta kirki sai ya ce a ba shi ta Azumi. Na ce wa mutumin ya sha ruwa ya kama gabansa, Allah ya ba shi wani aikin. Ibro ya kumbura, ya ce tsufa ya fara taɓa ni. To, ya taɓa ni ɗin, shi ya sa na ce jikata Hadiza ta ɗauko kaye da bik ta zauna ta rubuta tun bakina yana motsi. Ku ɗiyana da jikokina, sunan nan da kuke tinƙaho da shi kuskuren kunne ne, ni kuma na bar shi ya yi ta yawo shekara da shekaru don yana yi mini daɗi.

Ni ɗiyar fatake ce, ubana daga Damagaram ya zo Agadas ya zauna. Ran da aka kawo ni gidan ubanku ban san basilla ba sai ta ɗinkin buhu. Surukata, wadda nake ce wa Inna, ita ce kakarku ta wajen uba, kuma duk tsohon gari an san ta da dukanci. Gajeruwa ce, maganarta a rana ba ta cika tafin hannu. Aikinta kashi biyu ta raba shi. Akwai na kasuwa, su alabe da matasan fata da jakunkuna da kuben wuƙa, waɗanda turis masu yawon buɗe ido ke kwasa lokacin da suke cika gari. Wannan a tsakar gida muke yinsa da matan unguwa, ana cin goro, ana gulma, ana lasar zare a zura. Sannan akwai na ta'azimi, shi kuwa abu ɗaya ne tak: gafaka, jakar da ake sa Littafin Allah a ciki. Ita a ɗakin Inna ake ɗinka ta, da alwala. Ba a jiƙa zarenta da yawu, ba a yanke shi da haƙori, ba a tsallake fatar, ba a ajiye ta a ƙasa, ba a kawo zancen kowa a kanta.

Ran da na fara jin kalmar ina madafa. Wata ta ɗauki wata jar fata za ta yanka, sai Inna ta ɗaga murya, abin da ba ta saba ba.

"Ajiye! Wannan ta ta'azimi ce."

"Na'am, Inna!" na amsa, na fito da muciya a hannu.

Matan nan suka yi ta dariya har da masu hawaye. Ni na ji an ce ta Azumi, na ɗauka an ba amarya kyautar fata. Inna ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi mini bayani ba. Ni ma ban tambaya ba, don girman kai gare ni tun ina ƙarama. Na ɗauka ta'azimi sunan dokokin nan ne, kar ka yi kaza, kar ka yi kaza, irin na tsofaffi.

Shekara bakwai ina aikin kasuwa. Hannuna yana da sauri, ɗinkina kuma ya fi na kowa ƙanana, ba yabon kai ba. Amma gafaka ko taɓa ta Inna ba ta bari in yi. Abin yana cina ƙwarai. In na ga ta shige ɗaki ta saki labule, sai in bi labulen da harara.

Sai wata damina da aka yi ruwa mai yawa, soraye suka yi ta yoyo. A lungun bayanmu akwai Malam Sidi, dattijo, idonsa ya rufe shekaru da yawa. Yana da izu sittin na rubutun hannu, kakansa ne ya rubuta. Ruwa ya ɗiga a kan gafakar har ta ruɓe, amma Allah ya tsare na ciki. Ɗiyarsa Gaisha, babbar mace mai karantar da matan aure, ita ta kawo shi gidanmu a naɗe cikin farin ƙyalle. Ta ce Malam ya ce a yi sabuwar gafaka, kuma Littafin ya zauna a ɗakin Inna har a gama yaɓen rufinsu. In an gama, ita za ta kai shi Timia wajen yayanta da ke limanci a can, don Malam ya ce ƙarfinsa ya ƙare, gara ya miƙa amana da ransa.

Ku da kuka tashi da na bugun inji, ku sani irin wannan ba a ɗinke yake ba. Takardu ne warwara, ɗaruruwa, ɗaya bisa ɗaya, ba lamba a jikinsu. Ana sa su tsakanin tadarishi, wato marfin fata mai tauri, a ɗaure da siririyar igiyar fata. Jerin da aka yi musu shi ne kaɗai ke riƙe da su.

Inna ta yi alwala, ta tsaga kaba, ta auna tsawo da faɗi da kauri daga bayan ƙyallen, ba ta kwance komai ba. A kowane awo ta ƙara yatsa biyu. Ta ɗora Littafin a wani gurbi can sama a bangon ɗakinta, ta juyo ta miƙo mini kabar.

"Ke za ki ɗinka."

Daɗi kamar ya kashe ni. Washegari aka aiko da rasuwar mijin ƙanwarta a Ingall, ta tafi tare da ubanku, sai bayan sadakar uku za su dawo. Gida ya rage daga ni sai aikin.

Da hantsi na rina fatar da karan dafi, ta yi ja mai kyau, na goge hannu a zane. Na ɗauki kabar nan ina juyawa. Yatsa biyu! Na ce a raina idon tsohuwa ne ya fara gaza mata, shi ya sa take yin gafaka kamar rigar aro. Tawa za ta kama jikinsa cif, matan unguwa su gani su riƙe baki. Na taka kujera na sauko da shi. Alwala ma ban yi ba, na ce ai yanzu-yanzu zan mayar. Na zauna a tabarma, na ɗora shi a cinya, na buɗe ƙyallen, na ja igiyar don in matse in ga ainihin kaurinsa. Ashe ita ma ruwa ya ci ta. Sai ji na yi ɓat, ta tsinke. Tadarishin ya buɗe, takardun suka sulale daga cinyata, shuuu, suka bazu a tabarma har bakin ƙofa.

Ƴaƴana, ban taɓa jin shiru irin na wannan hantsi ba. Ina jin daka a maƙwabta, ina jin jaki yana kuka, amma ɗakin nan ya yi tsit. Ban taɓa ganin cikinsa ba sai ranar. Baƙar tawada, wasulla ja, ɗige-ɗige rawaya, ga zayyana a gefe da aka yi da haƙurin da ban san ɗan Adam yana da shi ba. Ko'ina na duba rubutu ne yake kallona. Na kasa ko salati. Sai da na ga iska ta ɗaga wata takarda ta bakin ƙofa sannan na zabura na shiga tattarawa. Ni kuwa karatuna bai wuce na salla ba, shi ma da ka. Ban san wadda ke gaba ba, ban san wadda ke baya ba. Ina cikin tattarawa na ga abin da ya ƙarasa ni: babban yatsana, ja zur, a gefen wata takarda. Karan dafin bai gama bushewa a hannuna ba.

Na tura ta tsakiya. Na daidaita gefuna, na ɗaure da sabuwar igiya, na naɗe ƙyallen yadda yake, na mayar gurbinsa. Sannan na zauna ina lissafi, kuma zan faɗa muku lissafin don ku san halin uwarku. Malam ba ya gani. Inna ba ta buɗewa. Gaisha tana da nata na bugu. Sai ya isa Timia za a buɗe, watakila sai azumi, a ga farko a tsakiya, tsakiya a ƙarshe. Wa za a tuhuma? Gaisha, wadda ta ɗauko shi a mota. Wallahi har na zaɓi wadda za ta ɗauki laifina, baiwar Allah da ba ta taɓa yi mini komai ba sai gaisuwa.

Kwana uku na yi ina ɗinki, da awon Inna, da yatsa biyunta. Ba dokar da na taka. Alwala a kan alwala, zare da ruwan ƙwarya mai tsabta, bakina gum. Amma na kasa juya wa gurbin nan baya. In zan fita ɗakin, da baya-baya nake fita, ba wanda ya ce in yi. Gafakar kuwa ta yi kyaun da har yau ban sake yin irinta ba.

Inna ta dawo da azahar. Ta yi salla, ta sake alwala, ta cire takalmi, ta sauko da Littafin da hannu biyu. Na ga har numfashinta ta riƙe. Na buɗe mata bakin gafakar, ya zame ciki sumul.

"Kin ga amfanin yatsa biyun?" ta ce. "Ba a cusa shi, ba a fizgo shi. Da kansa yake shiga, da kansa yake fita."

Ta bi ɗinkin da yatsa daga farko har ƙarshe. Ta daɗe. Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da basillarta, wadda ta gada wajen uwarta, ƙotar har ta yi santsi. Ta miƙo mini.

"Azumi, wannan da ta'azimi kika yi ta."

Shekara bakwai ina jiran wannan rana. Na ga hannuna ya tashi zai karɓa. Amma kalmar nan ta tsaya mini a ƙirji, ga shi kuma a gabana cikin jar fatata, a hargitse, ni kaɗai na sani. Na janye hannuna.

"Inna, na zubar da shi."

"Me kika zubar?"

Na faɗa mata duka, har da alwalar da ban yi ba, har da yatsan. Ba ta zage ni ba, da ma ta yi da na ji sauƙi. Ta yi salati a hankali, ta mayar da basillar bakin zane ta ƙulle.

"Ɗauko mayafinki."

Ta rungume shi a ƙirji, ƙafarta ba takalmi, ina biye da ita ta lungu. Hasumiyar babban masallaci tana leƙo mu ta saman katangu, ni kaina a ƙasa. Muka sami Malam Sidi a zaure a kan buzunsa, Gaisha tana zuba masa shayi. Inna ta durƙusa ta ce ɗiyarta tana da magana. Na sake faɗa. Gaisha ta ajiye buta ta zuba mini ido, ban ga laifinta ba. Sai Malam ya tambaya.

"Ya taɓa ƙasa?"

"A tabarma ya zube, Allah gafarta Malam."

"Akwai wadda ta fita ɗakin?"

"Babu."

"To, alhamdu lillahi. Gaisha, gobe da hantsi ki shimfiɗa fararen zannuwa. Ke kuma ɗiyata, ki zo da alwalarki. Hannun da ya watsa shi ne zai jera."

Abin da na gani a zauren nan kwana huɗu shi ne dalilin wannan babi. Gaisha takan ɗauki takarda ta karanta kalma biyu ko uku na samanta. Kafin ta rufe baki Malam ya ce izu na kaza ne, ya gaya mini tulin da zan ɗora ta, ƙarƙashin wacce, bisa wacce. Na san akwai mahaddata, garin nan cike yake da su. Amma shi ba karatun kaɗai ya haddace ba, takardun kakansa ya haddace. Ya san inda kowace ta fara da inda ta ƙare. In Gaisha ta karanto wurin da ke da mai kama da shi a wani izu, sai ya ce ta duba gefen hagu, in akwai ɗigon tawada kamar ƙwayar gero to ta gaba ce, in babu ta baya ce. Ta duba, ga ɗigo. Wata takardar ya ce a kusurwarta ta ƙasa akwai ɗan yagewa, shi ya yaga ta yana yaro, ubansa ya yi kwana biyu bai yi masa magana ba. Ta duba, ga yagewa. Mutumin da bai ga hasken rana ba shekara da shekaru! Idanunsa farare suna kallon azara, leɓensa yana motsi, hawaye yana bin gemunsa bai ma sani ba. Ni kuwa ina rarrafe tsakanin tuli sittin, takarda a tafuna biyu. Tun ina jin kunya har na manta da kaina. Ban taɓa jin na ƙanƙance haka ba, kuma abin mamaki, ban so a tashi ba.

A rana ta uku Gaisha ta ɗauki wata ta tsaya.

"Baba, ga jan nan."

Ya miƙa hannu ta ɗora masa. Ya shafa gefen, ya kai hanci.

"Karan dafi. Ya hau kan harafi?"

"A'a, a gefe yake. In kankare?"

"Kankara za ta ci takardar. Bar shi."

Ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina.

"Ɗiyata, me ya sa kika faɗa? Tsoron surukarki?"

"Ba ta sani ba, Malam."

"To, tsorona?"

Ya yi ƴar dariya.

"Faɗi mana, makaho ne, ina zai gani. To me?"

"Ban sani ba, Allah gafarta Malam. Gani na yi kamar shi ya sani. Na kasa juya masa baya."

"To shi ke nan, kin haɗu da ita. Ita ce ta'azimi. Ladabi kina yi wa babba don yana gabanki. Kunya kina jin ta don akwai idon mutane. Tsoro kuwa gudu yake sa mutum. Wannan ba ta bari ki gudu, jawo ki take yi kusa, a kan gwiwa, ko ba kowa a ɗakin. Abu ne ya yi girma a zuciyarki har kika ga ke ba komai ba ce a gabansa. Ai kullum kina faɗar tushen kalmar, in kin sunkuya a ruku'u kina ambaton girman Ubangijinki. Ba ki lura ba ne."

Wallahi ban lura ba. Salla nawa na yi a rayuwata, bayana a sunkuye, kalmar tana bakina, ni ina can ina neman ta a wajen zare da yawu. Na kifa kaina na yi kuka mai sauti a zauren mutane. Na roƙi Gaisha gafara, na gaya mata lissafin da na yi a kanta. Ta ce Allah ya yafe mana, amma ta fi shekara tana amsa gaisuwata a taƙaice.

Kada ku ɗauka Inna ta sassauta don Malam ya yi mini magana mai taushi. Ran da aka gama jeri, ta zaunar da ni ta warware gafakata a gabana, ɗinki bayan ɗinki, ta ce an yi ta a kan ɓoyo, ba za ta riƙe amanar mutane ba. Ta ɗinka wata da hannunta, ita ce ta tafi Timia. Fatar tawa tana nan a ƙasan adakata, in na mutu ku gani. Shekara biyu na koma alabe da matasai. Labari ya zaga unguwa, mata suka sa mini suna mai watsa izu, har wata ta faɗa a gidan suna na kusa tsinka mata mari. A shekarun nan ne na riƙa zuwa wajen Gaisha ina koyon baƙi tare da amare, ni mai ɗiya uku. Basillar kuwa sai wata safiya na tarar da ita a kan tabarmar aikina.

Bayan rasuwarta, in mai saye ya zo nakan tambaye shi yadda take tambaya, ta kasuwa yake so ko ta ta'azimi. Kunnen mutane irin nawa ne ran da na fito da muciya. Suka riƙa cewa ta Azumi, ta Azumi. Da farko ina gyarawa, daga baya na gaji, daga bayan baya kuma, gaskiya ɗaya ce, na ji daɗinsa na yi shiru.

Bara da muka je Timia bikin ɗiyar ƙanwata, na nemi gidan limamin. Ya rasu, ɗansa ne a gurbinsa, magidanci mai fara'a. Na ce ina so in ga Littafin kakanninsa. Gafakar Inna tana nan, ta yi baƙi don hannu, ɗinki ko ɗaya bai saki ba. Ya buɗe a hankali yana nuna mini zayyana, har ya kai kan takardar. Jan ya koma ruwan ƙasa, amma layukan yatsan suna nan ɓaro-ɓaro.

"Wannan, Hajiya, muna jin yatsan kakanmu ne da ya rubuta shi," ya ce. "Yara har sumbatar wurin suke so su yi."

Kai, Shaiɗan bai gaji da ni ba, don sai da na ji shirun ya sake yi mini daɗi. Sannan na ɗaga babban yatsana na dama, na kai shi kusa da takardar ban taɓa ba.

"Ɗana, kakanku bai taɓa Littafin nan da datti a hannu ba. Wannan nawa ne. Ka gaya wa yaran wata badukiya ce mai gaggawa, ba ta da alwala."

Don haka, Ibro, in allo kake so, a rubuta kalmar daidai yadda Inna ke faɗarta, wanda bai gane ba ya shigo ya tambaya. Dokokin na Inna ne, yatsa biyun nata ne, basillar ta uwarta ce. A duk aikin nan abu ɗaya ne na san na yi da kaina ba wanda ya koya mini, yana can Timia a gefen takarda. Wannan alamar ce kaɗai ta Azumi.